Sunan da Na Raɗa wa Akawu

Ni mutumin Tasawa ne, can ƙasar Faransa. Sunana Nomau. Fari ya ci gonarmu, na gangaro kudu neman abin sawa a baki. Yadda na bar gida ba shi da daɗin ji, don haka na bar shi.

A bakin iyaka na fara sanin duniya. Wani mai fararen kaya ya tare mu, ni da sauran masu gangarowa, a gindin gawo, yana ta fara'a. Ya ce duk wanda Ingilishi suka kama da takardar Faransa, a gidan yari zai kwana. Ya karɓe takardunmu wai zai adana mana. Daga baya na ji sayar da su yake yi ga masu hawa arewa. Tun ranar, in mutum ya cika yi mini dariya, hannunsa nake kallo.

A Katsina na hau motar gyaɗa, a bisa buhuna. Ɗan kamasho ya rantse Kaduna za ta. A Funtuwa aka sauke mu, direba ya ce ai nan ma hanyar Kaduna ce. Na yi dakon auduga har kafaɗata ta saba, na kai kaina Zariya. Daga Zariya na bi layin dogo da ƙafa. A wani ƙauye wata tsohuwa ta ba ni fura a ƙwarya, ba ta tambayi sunana ba. Na sha rabi, na jira in ga ko cikina zai juya. Bai juya ba, na shanye.

Ta Kawo na shiga Kaduna. Gari ne ba ganuwa, ba ƙofa. In ka cire Gwarawa, ba wanda kakansa ke kwance a ƙasar. Kowa baƙo ne, amma akwai baƙon da ya fi wani baƙunta. Mu da muka tsallako iyaka, 'yan Faransa ake ce mana, ko da Hausarmu ta fi tasu tsufa.

Wani dattijo, Baba Tanko, mutumin Maraɗi, shi ya tsince ni a bakin kasuwa. Ya ji yadda na yi sallama ya gane inda na fito. Shi ne babban 'yan ga-ruwa a wata 'yar unguwa da ke bayan Unguwar Rimi, inda leburori da masu wanki ke zama. Ya duba kafaɗata kamar mai sayen jaki.

"Ka iya shiru?" ya ce.

"Na iya."

"To, ka iya rabin aikin."

Ya ba ni sanda da garwa biyu na kananzir, ya nuna mini inda zan shimfiɗa tabarma a zauren da suke haya. Kusa da zauren akwai Inna Kande mai tuwo. Ranar farko ta ƙara mini miya ba tare da na roƙa ba. Na daɗe ina jiran abin da za ta nema. Ba ta nemi komai ba.

Abincinmu duka a bakin famfo ɗaya yake. Famfon na hannun Alhaji Sambo, ɗan kwangilar gini. Shi ya ja bututu zuwa gidajen akawuna, ya bar kai ɗaya a bakin unguwarmu, ya kewaye shi da kwano, ya sa kwaɗo. Ko hukuma ce ta ba shi makullin, ko shi ya ba kansa, ba wanda ya sani. Kowace safiya sai mun cika masa tankunan wajen gininsa a banza, sannan helmansa, shugaban leburorinsa, ya bar mu mu ɗebi na sayarwa. In an rufe famfon, sai kogi. Kogin da nisa, ruwansa ja ne da damina, matan akawuna ba sa saye. Rufe famfon nan, rufe bakinmu ne.

Haka muke har shekarar da aka zo da zaɓe. Mai shela ya zaga da ganga, ya ce duk namijin da ke biyan haraji yana da baki. Mu kuwa muna biya. Haraji bai taɓa tambayarmu inda aka haife mu ba.

Bayan la'asar wata rana, Malam Haruna tela ya zo zaurenmu. Siririn mutum ne, yana da shago a bakin hanya, ya ɗan taɓa boko. Ya zauna a tabarmar Baba Tanko kamar ya saba.

"Ku saurara," ya ce. "Ba ku za ku zaɓi mai shiga majalisa ba. Ku wakili za ku fitar. Kowace unguwa da wakilinta. Wakilan nan su taru, su fitar da mutum ɗaya ya tafi Zariya. A Zariya a haɗu da na sauran wurare, a sake tankaɗewa, sannan a sami masu shiga majalisa."

Akwai wani Mati a cikinmu, ɗan Damagaram, bakinsa ba ya hutawa. Ya ce, "Wato mu ne dusar farko, Malam?"

Aka yi dariya. Malam Haruna bai yi ba.

"Ni zan nemi zuwa Zariya," ya ce. "Alhaji Sambo ma zai nema. In na tsallake, kwaɗon can sai ya fita. Ruwan hukuma ne, ba na ubansa ba."

"In ba ka tsallake ba fa?" in ji Baba Tanko.

"Ku ne mafi yawa a unguwar nan, Baba. Ku ba ni wakilinku kawai."

Da ya tafi, aka yi ta magana har aka kira magariba. Kowa ya gaji da tankunan Alhaji. Aka ce a bi tela. Sai zancen wanda za a tsayar. Baba Tanko ya ce shi ya tsufa, kuma yana da 'ya'ya a gida, ana iya saye shi. Ya nuna ni.

"Nomau. Ba ya cin goro, ba ya shan taba, ba ya da mace. Ban san da me za a saye shi ba."

"Ba ya ma magana," in ji Mati. "In Alhaji ya tambaye shi farashinsa, sai ya yi mako kafin ya amsa."

Ban so ba. Amma dattijon shi ya ba ni sanda da wurin kwana. Na ce to. Ya sa na faɗa a gaban kowa: in an tara wakilai, sunan Haruna zan kira. Na faɗa.

Ranar zaɓen farko aka tara mu a fili, gindin wata bishiyar rimi, da hantsi. Mai nema zai tsaya, masu sonsa su jeru a bayansa. Alhaji ya tsayar da helmansa. Shi kuma Alhajin aka kawo masa kujera, ya zauna a inuwa inda zai ga fuskar kowa. Na tsaya. Ban waiga ba, ina jin tafiyar ƙafafu a bayana. Da na waiga, layin ya miƙe, ya karya kwana, har ya kai bakin famfo. 'Yan ga-ruwa, masu wanki, masu haƙar yashi. Kowa ya tsaya cikin rana, Alhaji na kallonsa. Layin helma bai wuce inuwar bishiyar ba.

Wani ma'aikaci ya bi layi yana taɓa kawuna da sanda yana ƙirgawa. Aka ce Nomau ne wakili.

Da aka watse na tarar da Malam Haruna. Shi ma unguwarsu ta fitar da shi, Alhaji ma tasu ta fitar da shi. Na ji an ce unguwar Alhaji gidajen danginsa ne kawai, ba su kai rabinmu ba.

"Malam," na ce, "mu da muka kai har famfo, wakili nawa muka samu?"

"Ɗaya. Kai."

"Su Alhaji fa?"

"Ɗaya."

"To, sauran mutanen da suka tsaya bayana?"

"Sun gama aikinsu. Ko da mutum ɗaya ka fi helma, wakili ɗaya ne. Ko duk garin ne a bayanka, ɗaya ne. Daga yau ba a ƙirga su, kai ake ƙirgawa."

Na san irin wannan. Ka cika garwa mai yoyo a bakin famfo, ka isa gidan mai saye da abin da bai jiƙa gindin randa ba.

Washegari famfo bai buɗe ba. Muka jera garewani, rana ta hau. Ba helma, ba makulli. Sai wajen azahar ga Alhaji Sambo da kansa, cikin babbar riga. Ya buɗe kwaɗon da hannunsa, yana murmushi.

"Ku yi haƙuri, makulli ne ya ɓata," ya ce. "Abu ne ƙarami, saurin ɓata gare shi. Wata rana in ya ɓace, ba lallai a gan shi ba." Ya juyo gare ni. "Wakili, barka da arziki. Bayan Juma'a ka zo gidana, akwai ɗan abinci."

Na tambayi Baba Tanko. Ya ce in je. "Babban mutum ya kira baƙo ga akushi, baƙo ya ƙi, yaƙi ke nan a fili. Ka ci, ka yi godiya, ka fito."

A wurinmu haka ne. In an kira ka ga abinci, ka ci, ka yi addu'a, shi ke nan. Ba ka ɗauki alkawarin komai ba. Ashe a nan ba haka suke gani ba.

Na tarar da wakilai cike da zauren Alhaji. Tuwon shinkafa, miyar taushe, nama har da ƙashi mai ɓargo. Tun da na bar gida ban ga irinsa ba. Helma na tsaye a bakin ƙofa da buta, yana zuba wa kowa ruwa a hannu. Na lura leɓensa na motsi. Ba addu'a yake ba. Ƙirga yake, duk hannun da ya wanke ya sa a lissafi.

Da aka ci aka sha, Alhaji ya miƙe ƙafa ya ce, "Ni ba na sa mutum rantsuwa. Wanda ya sa hannu a akushina, na gama da shi. Helma, mun kai?"

"Mun wuce rabi, Alhaji, har da rara."

"Alhamdu lillahi." Ya dube ni. "Nomau, kai na fi jin daɗin zuwanka. Mutanenka sun ba ni kunya a fili, amma na yafe. Ka gyara musu. In ka gyara, ruwa ba zai yanke ba. In ba ka gyara ba, zan sani."

"An ce wannan karon raɗa suna za a yi, Alhaji, ba layi ba."

"Raɗa ai a kunne ake yinta," ya ce. "Kunne kuma na mutum ne."

Ina fita na ga wani dogo mai tabarau yana fitowa daga cikin gida, ba daga zaure ba, yana goge baki. Na tambayi na kusa da ni. Aka ce akawu ne, shi za a raɗa wa sunaye ranar zaɓen wakilai.

Bayan 'yan kwanaki Malam Haruna ya aiko a kira ni shagonsa. Shi ba nama, shayi ne da burodi. An ture keken ɗinki gefe, wakilai sun zauna a kan yadi da tabarmi. Shi nasa lissafin da fatiha yake yi. Ya ce duk wanda ke tare da shi ya ɗaga hannu a shafa. Hannuwa suka tashi. Ya ƙirga da ido, fuskarsa ta washe.

"Mun wuce rabi," ya ce.

Na duba masu shafawar. Na san su. Ga wani mahauci na Kawo mai tsagaggen kunne, wanda muka ja ƙashi ɗaya da shi a gidan Alhaji. Ga mai gyaran keke da ya nemi ƙarin miya. Ga wani malamin allo daga wajen Rafin Guza, shi ya yi wa Alhaji addu'a mai tsawo. Yanzu ga shi yana jan fatihar tela.

Na matsa kusa da mahaucin. "Kai na wa ne?"

"Ran nama na mai nama, ran shayi na mai shayi," ya ce. "Kai fa, ɗan Faransa? Ai na ga yadda ka yi da ɓargon nan."

Da aka ragu na ce wa tela, "Malam, rabin mutanenka na gan su gidan Alhaji."

"Na sani. Sun ci nasa ne kawai. A fili mutum na tsoro, a raɗa zuciyarsa zai bi. Alhaji cikinsu ya ƙirga, ni zuciyarsu na ƙirga."

"Ka ga zuciyar?"

Ya yi dariya, ya dafa ni. Ban so dariyar ba. A bayansa, a jikin ƙusa, akwai wata sabuwar riga mai aiki a wuya. Na ce ta wa ce. Ya ce ta akawu ce, mai tabarau. Ya ce bai karɓi kuɗin ɗinki ba, abokinsa ne tun suna yara.

Na fito kaina ya ɗaure. Alhaji ya wuce rabi, tela ya wuce rabi. Ni ban yi makaranta ba, amma na san garwa ɗaya ba ta da rabi uku. Ni kaina an ƙirga ni sau biyu. Kuma kunnen da zan raɗa wa ya ci tuwon wannan, ya sa rigar wancan.

Na zauna gun Inna Kande, ban sayi komai ba. Ta zuba mini duk da haka.

"Ɗana, fuskarka kamar an aiko maka mutuwa."

"Inna, wa zai ci?"

"Ni ka tambaya? Mu mata ko a layi ba a sa mu ba." Ta juya miya. "Amma ina jin zancen maza in suna cin tuwo. Kowa ya zo nan cewa yake shi mai gaskiya ne, sauran ne munafukai. Ban ga munafukin da ya zo ya ci tuwo ba tukuna."

Abin da ke gabana a fili yake. In na kira Haruna ya ci, kwaɗo ya fita. In na kira Haruna ya faɗi, kuma zance ya kai kunnen Alhaji, mun koma kogi. In na kira Alhaji, ruwa zai zauna, amma na ci amanar mutanen da suka tsaya a rana. Na so in san lissafin gaskiya kafin in buɗe baki. Ba wanda ke da shi.

Ranar raɗar ta zo, aka tara mu wakilai a wata makaranta. Manyan mutane a kan bencin yara, gwiwa har ƙirji. Bature na zaune a bakin ƙofa da ɗan doka a gefensa, yana kallon kowa ba ya kallon kowa. A ƙuryar ɗakin, bayan labule, akawu na zaune da takarda. Ana kira ɗaya bayan ɗaya. Mahauci ya shiga ya fito, ya yi wa Alhaji murmushi, ya ɗaga wa tela gira.

Aka kira ni. Akawu ya sa rigar nan mai aiki a wuya. Ya karkato kunne, bai dube ni ba. Na tuna tafiyar ƙafafun da na ji a bayana gindin rimi.

Na ce, "Haruna."

Ya kare takardar da tafin hannu, ya ja ɗan layi. Gefe biyu ne a takardar, kowane da rubutu a samansa. Ko bai kare ba, ban san wanne ne wanne ba. Ya ce, "Na gaba."

Da aka gama Bature ya karɓi takardar, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Aka ce Alhaji Sambo ne zai tafi Zariya. Da ɗan kaɗan ya fi.

Na tarar da Malam Haruna a bayan makarantar, ya jingina da bango. Na ce, "Malam, wallahi sunanka na kira."

Ya dube ni kamar bai san ni ba. "Tun ɗazu suke zuwa, Nomau. Mahauci ya rantse, mai keke ya rantse, malam ya rantse har da hawaye. In na haɗa masu rantsuwa, ban san wa ya zaɓi Alhaji ba. Ko shi kansa ina jin ni ya zaɓa." Ya gyara hula. "Je ka. Na gode."

Na koma zaure. Ba wanda ya yi mini faɗa. Suka tambaya, na ce na kira sunan da aka ce in kira. Baba Tanko ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, kowa ya duba igiyar garwarsa, gobe akwai kogi.

Da safe muka je famfo duk da haka, don hanyar kogi ta nan ta bi. Sai ga Alhaji, da helma, da masu rakiya. Ya tsaya a gaban kwanon, ya ɗaga makullin a igiyarsa ta fata.

"'Yan ga-ruwa!" ya ce. "Kun ƙi ni a fili, amma kun aiko mini mutumin kirki. Da ɗan kaɗan na ci, kuma na san 'yan kaɗan ɗin nan ɗaya ɗaya. Daga yau ba sauran cika mini tanki. Makulli kuwa, ga mai shi." Ya miƙo mini. "Riƙe, Nomau. Ka riƙe mini amana, na riƙe maka."

Ina jin idanu a bayana, daidai inda na ji ƙafafu.

Har yau ban san abin da ya faru ba. Ko akawu ya ja layina a gefen Alhaji, ya ce masa na kira shi. Ko akawu ya riƙe bakinsa, Alhaji ya yarda da lissafin butarsa kawai. Ko kuwa Alhaji ya san komai, ya ga wannan ce hanyar da ba za mu sake tsayawa a layi ɗaya ba. Na duba fuskarsa, ban ga komai ba sai haƙora.

Maganar na bakina. Kalma kaɗan ce: ba kai na kira ba. In na faɗa, sunana ya wanku, kwaɗo ya koma. Na dubi garewanin da aka jera. Na dubi kafaɗar Baba Tanko, wadda ba za ta iya hawan gangaren kogi da ruwa ba. Inna Kande na tsaye da muciya a hannu, ta kafe ni da ido.

Na karɓi makullin. Na buɗe famfo. Ruwa ya zubo.

Mati ne ya fara tara garwarsa. Da ta cika ya rusuna har ƙasa. "Ranka ya daɗe, Sarkin Famfo. Ashe farashin bai ɗauki mako ba."

Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi, da ya fi mini.

Da rana na sami Baba Tanko shi kaɗai a inuwa, yana gyara sanda. Na tsuguna.

"Baba, Haruna na kira."

Bai ɗago ba. "Wa ka faɗa wa ban da mu na zaure?"

"Tela. Bai yarda ba."

"To, kada ka ƙara faɗa wa kowa. In gaskiya ce, ta kai kunnen Alhaji, mun rasa famfo. In ƙarya ce, ka isa haka." Ya ci gaba da gyaran sandarsa. Da yamma na ga ya ja tabarmarsa zuwa ɗaya gefen zauren.

Alhaji ya tafi Zariya da mota da maroƙa. Ya dawo ba kiɗa. A can ma an tara wakilai, an ci tuwon wasu, an ƙirga. Kuma doka ta ba manya dama su ƙara nasu mutane a taron ƙarshe, waɗanda ba wanda ya taɓa tsayawa a bayansu. Alhaji bai shiga majalisa ba. Na ji shi a bakin gini yana cewa an cuce shi, mutane sun ci abincinsa sun raɗa sunan wani. Ya ce duniya ta lalace, ba amana sai wajen irin su Nomau.

Na riƙe makullin shekaru. Ban taɓa makara ba, ban taɓa rufe wa kowa ba, ban karɓi komai a hannun kowa ba. Sun sha ruwa, sun sayar, wasu sun aika gida, wasu sun yi aure. Amma in na zauna ga akushi, sai kowa ya tuna yana da wani aiki. Sababbin zuwa ma, kafin su san hanyar gidajen akawuna, sun san labarina. Malam Haruna ya daina amsa sallamata. A lokacin na fi kewar gida. Sai in tuna rijiyar garinmu, wadda ba ta da murfi, kowa ya zura gugansa. Inna Kande kaɗai ba ta canja ba. Ba ta taɓa tambayata ba, ba ta kuma rage miyar ba.

Da ƙarfin Baba Tanko ya ƙare, ya ce zai koma Maraɗi ya mutu a gida. Ya yi sallama da kowa a zaure, ni bai dube ni ba. Da ya fito ya ce, "Kai, mai makulli, ɗauko mini kayan nan." Na ɗora a kai, muka kama hanyar Kawo, yana gaba ina baya. Muka isa tasha. Na ɗora kayan a mota, na tura shi ya hau.

Da direba ya ta da inji, ya sunkuyo, ya kama wuyan rigata, ya kawo bakinsa kunnena.

"Na yarda da kai tun ranar," ya ce. "Da na nuna, yara za su nuna. Da sun nuna, Alhaji zai gane. Ka yafe mini tabarmar."

Mota ta ja. Na tsaya har ta ɓace.

Raɗa ya yi mini, ba wanda ya ji. Ko gaskiya ya faɗa, ko don na ɗauko masa kaya ne, ban sani ba. Na juya na kama hanya da sauri, don la'asar ta yi, kuma akwai garewani a jere suna jirana.